Farautar Wata a Agadas

Duk wanda zai yi tafiya don ɗaukar hoton wata, lissafin Hijira zai bi, domin kalandar ofis ba za ta gaya masa daren da wata zai fito rabi ko daren da zai cika ba. Shi ya sa na bar Kano ranar bakwai ga wata, da niyyar daren sha huɗu ya same ni a Agadas. Damina ta ɗauke, ana ta girbi, hazon hunturu bai riga ya sauko ba. Tsakanin ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamba sama takan wanku tas a ƙasarmu, kuma mai kyamara ba shi da lokacin da ya fi wannan.

Kayana ba su da yawa: kyamara, gilashi mai jawo nesa na milimita 300, da ƙafar kyamara mai rassa uku. Abin da ya ja ni Agadas kuwa hasumiyar babban masallacinta ce. Na daɗe ina son in ga cikakken wata ya ɓullo ta bayanta, in kuma kama su tare a hoto guda, ba tare da an haɗa su a kwamfuta ba.

Daga Kano muka bi ta Kazaure da Daura, muka tsallaka iyaka a Kwangwalam, muka wuce Matamaye, la'asar sakaliya muna Damagaram. Na sauke kaya, na nufi unguwar Birni inda manyan duwatsun nan suke zube a tsakiyar gidaje, ba nisa da fadar Sarki. Da aka idar da magariba, wata na can sama ta wajen kudu, rabinsa fari rabinsa baƙi, an raba shi da layi miƙaƙƙe. Na kafa kyamara a gindin wani dutse, kafin in gama ɗaure ta yara sun kewaye ni.

A nan ne darasin farko yake, kuma shi ne wanda ya fi kayar da masu koyo. Idan ka bar kyamara ta zaɓar wa kanta haske, sai ta dubi baƙin sama ta ɗauka duhu ne ko'ina, ta buɗe idonta ta daɗe, wata ya fito fari fat babu komai a jikinsa. Alhali dare a wurinka yake. Can inda kake nunawa rana ce tsaka. Wata ba shi da haske nasa na kansa, dutse ne da rana ta haska, kuma dutsen ma baƙi-baƙi ne, domin abin da yake mayarwa bai wuce kashi 12 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa ba. Don haka sai ka saita kyamara kamar mai ɗaukar hoto da rana. Ga cikakken wata, masu sana'ar sukan fara da ISO 100, ƙofar haske f/11, ƙiftawa kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, sannan su yi gyara. Rabin wata yana son haske ninki biyu ko fiye. Na kashe saitin da kyamara ke nemo kaifin hoto da kanta, na murɗa gilashin da hannu har gefen wata ya yi kaifi, na sa ta jira daƙiƙa biyu bayan na danna don kada girgizar yatsana ta ɓata hoton.

Da hoton ya fito na faɗaɗa shi, yaran suka cusa kawuna. Wata yarinya da ba ta wuce shekara goma ba ta sa yatsa a kan layin da ya raba haske da duhu.

"Malam, ramuka ne?"

Na ce mata ramuka ne, 'yata, kuma wasu sun fi nisan da ke tsakanin nan da Matamaye faɗi. Duwatsu ne daga sararin samaniya suka faɗo suka haƙa su tun shekaru miliyoyi, wasu biliyoyi. Da yake wata ba shi da iska, ba shi da ruwan sama, babu abin da zai cike su ko ya share su. Dalilin da ya sa suka fito sarai a wannan daren kuwa, manomi ya san shi: kunyoyin gona da hantsin fari kowace tana da inuwarta, ana iya ƙirga su daga nesa, amma da rana tsaka sai gonar ta zama shimfiɗa ɗaya. A kan layin nan rana ce take fitowa a wata, haskenta na zuwa ta gefe, kowane tudu yana jan doguwar inuwa. Wanda yake son ramukan wata, daren bakwai zuwa goma zai nema, ya bar daren sha huɗu.

Kusa da tsakiyar faifan akwai wani babban rami, faɗinsa kusan kilomita 130, da ɗan tsauni a cikinsa. A taswirar wata sunansa Albategnius, wato Al-Battani, masanin taurarin da ya yi aikinsa a Raƙƙa ta ƙasar Sham ya rasu a 929. Gaba kaɗan ta kudu akwai Arzachel, wato Az-Zarƙali na Andalus. Wani malamin Italiya, Riccioli, shi ya raɗa waɗannan sunaye a taswirar da ya fitar a 1651, don ya san littattafan da ya tsaya a kansu. Ibnul Haisam, wanda ya rubuta maƙala sukutum a kan hasken wata, shi ma yana da raminsa. Na gaya wa yaran haka, wani almajiri a cikinsu ya sa na maimaita masa sunan Al-Battani har ya riƙe. Ya dame ni cewa yaro zai sauke Alƙur'ani, ya san akwai sura guda mai sunan wata, amma har ya girma babu wanda ya gaya masa magabatansa sun auna tafiyar watan nan da hannunsu.

Washegari da asuba muka kama hanyar arewa, kilomita kusan 450. Gonakin gero na Damargu suka riƙa raguwa, bayan Tanut sai ƙaya da ciyawa da garkunan raƙuma, da rijiyoyin da Buzaye da Fulani ke jan guga da jakuna. Kwaltar ta mutu a wurare da dama, direba yakan sauka gefe ya bi sawun manyan motoci. Bayan azahar, muna dab da Adarbisanat, wani yaro da ke kan cinyar mahaifiyarsa ya hango wata ta tagar dama, fari-fari a cikin shuɗin sama. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Inna, wata yana binmu."

Mahaifiyar ta yi dariya ta dube ni, don ta ga jakar kyamara. Na ce, Hajiya, ai yaron ya lura da abin da manya suka daina lura da shi. Bishiya tana wucewa baya don tana kusa, tsauni yana jinkiri don yana nesa, wata kuwa nisansa ya kai inda duk gudunmu ba ya canza masa wuri. Matsakaicin nisansa kilomita 384,400 ne. Da motar nan za ta miƙe sama tana cin kilomita 80 a awa, ba tsayawa sallah ba tsayawa shan mai, sai ta yi kwana 200 kafin ta isa. Haske kuwa a daƙiƙa ɗaya da ɗan ɗoriya yake ratso wannan tazara. Wani fasinja a baya ya ce shi abin da ya fi ba shi mamaki ganin wata da rana. Na ce ai kusan kullum yana nan da rana, ko da yamma kafin ya cika, ko da safe bayan ya cika, ɗaga kai ne ba ma yi.

Muka gangara ta duwatsun Tigidit, dare ya yi kafin fitilun Agadas su bayyana.

Da safe na je na tsaya a gaban hasumiyar. Duk hotunan da na taɓa gani ba su gaya mini yadda take cika ido ba. Tsawonta mita 27, da jar ƙasa zalla aka gina ta, gindinta da faɗi tana tsukewa har sama, itatuwan goriba sun leƙo ta kowane gefe jere-jere, su ne ƙashin ginin kuma su ne matakalar masu yaɓe. An fara gina masallacin wajen 1515, aka sake gina hasumiyar a 1844, shekara shida kafin wani Bajamushe mai suna Barth ya iso garin a 1850. A 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Fadar Sarkin Abzin tana maƙwabtaka da masallacin. Bakano ba ya baƙunta a nan, domin Hausa ce harshen kasuwa da na titi, sai dai kunne ya saba da jika da dala a wurin ciniki. Arewa maso yamma da garin ne kufan Takadda yake, inda Ibn Baɗɗuɗa ya yada zango a 1353. Shi ma akwai rami mai sunansa a wata, sai dai ƙarami ne, gilashina ba zai fito da shi ba.

Aikin da ke gabana na ƙafa ne da lissafi. Mutane suna ganin hoton ƙaton wata a bayan gini su ɗauka dabarar kyamara ce, alhali nisa ne. Faɗin wata a sama rabin digiri ne kawai, kuma ko ka matsa gaba ko ka ja baya ba ya canzawa. Ginin ne yake ƙanƙancewa idan ka yi nisa da shi. Idan ka tsaya mita 500 daga hasumiyar, tsawonta zai ɗauki wata shida a jere. Sai ka ja baya kusan kilomita uku kafin su yi kai ɗaya. To amma idan ka yi nisa haka, kan hasumiyar yana komawa dab da ƙasa, inda ƙura take kwanciya ko a ranar da sama ta fi kyau, kuma wata ba ya huda wannan ƙurar sai ya ɗan ɗaga. Dole ka zaɓi tsaka-tsaki. Sannan ka san ta inda zai ɓullo. Cikakken wata kishiyar rana yake tsayawa, tana faɗuwa yana fitowa, kuma tunda a wannan lokaci na shekara rana tana faɗuwa yamma maso kudu, shi gabas maso arewa zai fito. Na yi ta zagaya lungunan yamma da masallaci ina ɗaga kai ina neman soron da ya dace.

Mai masaukina ne ya kai ni gidan wani dattijo, Ba'abzine, wanda soronsa ke kallon hasumiyar ba abin da ya tare. Tsohon madugu ne, ya ci ƙuruciyarsa a ayarin gishiri na Bilma, suna ratsa Tenere da gero su komo da kantu da dabino. Muka gaisa, aka ɗora shayi a kan gawayi. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ya gyara amawalinsa ya ce, "Bakano, tun daga Kano saboda wata? A can ba ya fitowa ne?"

Na ce, Baba, yana fitowa, hasumiyarku ce babu.

Ya ce in hau soro duk lokacin da na ga dama. Daga nan hira ta ɓalle, kuma ni ne na koma ɗalibi. Ya ce shi bai taɓa tambayar kowa kwanan wata a daji ba. Da magariba yake duba inda wata ya tsaya. Ya miƙa hannu ya dunƙule: kowane dare wata yana matsawa gabas faɗin dunƙulen hannu da ɗan ƙari, daren farko yana bakin mafaɗar rana, daren bakwai ya kai tsakiya, daren sha huɗu yana mafitarta. Bayan nan sai ya fara makara, kowane dare ya ƙara jinkirin da bai cika awa ba, har ya koma sai asuba ake ganinsa. Da wannan suke sanin daren da za su yi tafiya da haske da daren da za su dogara da taurari. Abin da ya auna da dunƙulen hannu shi littafi ya rubuta digiri 13, jinkirin kuma minti 50 a matsakaici. Bai kuskure ko ɗaya ba.

Ni kuma na ƙara masa da abin da na sani. Daga haihuwar wata zuwa wata haihuwar kwana 29 da rabi ne, shi ya sa wani watan yake cika talatin wani ya yi nuƙusani. Goma sha biyunsu kwana 354, sun gaza shekarar rana da kusan kwana 11, shi ya sa azumi yake zagaya bazara da damina da hunturu ya komo inda ya faro cikin shekara 33 ko kusa da haka. Ya ce ya yi azumi a kowanne cikinsu, kuma na bazara a Tenere ba ya mantuwa. Sai ya tambaye ni abin da ya ce ya daɗe yana cin ransa: me ya sa tabon da ke fuskar wata bai taɓa canzawa ba tun yana yaro? Na ce saboda wata yana juyawa a kan kansa sau ɗaya daidai lokacin da yake kammala zagaya duniya sau ɗaya, kwana 27 da 'yan awoyi, don haka fuska guda yake nuna mana kullum. Babu ɗan Adam ɗin da ya san kamannin bayansa sai a Oktoban 1959, da kumbon Tarayyar Sobiyat mai suna Luna 3 ya zagaya ya aiko da hoto. Sauka a can bayan kuwa sai a Janairun 2019, da na'urar Sin, Chang'e 4. Dattijon ya yi tasbihi, ya zuba mini shayi na uku.

Ranar sha uku ga wata, bayan la'asar, na hau soron na kafa kyamara. Jikan dattijon, saurayi mai sayar da kayan waya a kasuwa, ya biyo ni da tasa wayar. Rana ta yi ƙasa, hasumiyar ta koma ja wur, kowane itace a jikinta da inuwarsa. Gabas kuwa ba komai sai wani toka-toka a bakin sama. Muna nan tsaye sai saurayin ya ce, "Yaya, ga shi can." Da ƙyar ido ke raba shi da ƙurar, sannan ya fara yin ja, ya fito a ɗan baje kamar an danne shi ta sama. Duka biyun aikin iska ne. Idan wata yana ƙasa, haskensa yana ratso iska mai kauri, ta tace shuɗin ta bar ja, ta kuma lanƙwasa hasken gindinsa fiye da na kansa.

Saurayin ya ce yau watan ya fi na kullum girma. Na ce ya miƙa hannu ya rufe shi da farcen ƙaramin yatsa. Ya rufu ruf. Na ce ya sake gwadawa da tsakar dare idan ya kai sama, zai ga farcen nan dai ya ishe shi. Girman da muke gani a bakin sama a cikin kanmu yake, kyamara ba ta ganinsa, shi ya sa mutum yakan ɗauki hoto ya ji kamar an cuce shi. Akwai bambancin gaske, amma na nisa ne: hanyar wata ba da'ira ce cikakkiya ba, yakan kusato zuwa kilomita 363,000 ya kuma nisanta zuwa 405,000, kuma tsakanin mafi girmansa da mafi ƙanƙantarsa bai wuce kashi 14 cikin 100 ba.

Daga nan ba a hira. Wata yana cin faɗin kansa cikin minti biyu, saboda juyawar duniya, kuma a gilashi mai jawo nesa kana ganinsa yana tafiya. Na ga zai wuce ta hagun hasumiyar, na ɗauki kyamara da ƙafarta na matsa ƙarshen soron. Damar duka ba ta fi minti goma ba, lokacin da ragowar hasken rana a jikin gini ya yi daidai da hasken wata, saiti guda ya ɗauke su duka. Kafin wannan lokaci wata ya yi fari da yawa ya ɓace a sama, bayansa kuma ginin ya zama baƙar inuwa. Saboda wannan ne masu ɗaukar irin hoton suke fifita daren da ya rage kaɗan wata ya cika, don yana fitowa kafin rana ta faɗi. Ya hau gefen hasumiyar, itatuwan goriba suka shiga cikin faifansa baƙaƙe, na danna, na sake dannawa, ya zauna a kan ƙololuwarta, ya rabu da ita. Ladan ya kira salla, muka sauka.

Bayan isha muka koma. Yanzu wata ya yi fari ƙal, ramukan Damagaram duk sun ɓace tunda rana na dukansa gaba da gaba. Abin da ya fito shi ne baƙaƙen filayen nan da Turawan ƙarni na 17 suka ɗauka tekuna ne. Babu ɗigon ruwa a cikinsu, narkakken dutse ne da ya malalo ya daskare fiye da shekara biliyan uku da suka wuce. Ta kudu kuma ga ramin Tycho, mai faɗin kilomita 85, da fararen layukan da suka fantsama daga gare shi. Na nuna wa saurayin filin da ake kira Tekun Natsuwa, na ce nan Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka sauka ranar 20 ga Yuli, 1969.

Ya ce, "Yaya, tsakani da Allah, an je? Mu dai muna jin ana cewa fim ne."

Tambaya ce da ta cancanci amsa, ba tsawa ba. Na ce mutum goma sha biyu ne suka taka wata tsakanin 1969 da 1972, suka kwaso duwatsu da ƙasa kilo 382 waɗanda masana na ƙasashe da dama suka bincika. Sun bar madubai a can, har yau ana harba musu haske daga duniya ya dawo cikin daƙiƙa biyu da rabi, da haka aka gano wata yana nisantar mu da santimita 3.8 kowace shekara. Tarayyar Sobiyat, wadda ta fi kowa son a ce ƙarya ne, tana bin tafiyar da na'urorinta kuma ba ta musa ba. Wurin kuma ba na zama ba ne. Rana takan yi mako biyu ba ta faɗi ba, zafi ya kai digiri 120, dare ma mako biyu, sanyi ya wuce digiri 130 ƙasa da sifili. Mutum mai kilo 60 zai ji kansa kamar kilo 10. Faɗin watan gaba ɗaya kilomita 3,474 ne, rubu'in faɗin duniya da ɗan ɗori.

Ya nuna mini abin da wayarsa ta ɗauka, ɗigon fari a cikin baƙi. Na karɓa na danna kan watan a allon, na ja alamar haske ƙasa har tabonsa ya bayyana, na jingina wayar a kan katanga. Ya fito ƙarami, amma wata ne. Na ce masa waya ta fi kyau da magariba, a sa bishiya ko soro ko mutum a ciki, a bar watan ya zama ƙarami yadda yake. Wanda ya samu madubin hangen nesa, ko irin na ido biyu, ya ɗora idon wayar a kan nasa zai sha mamaki. John William Draper, wanda ya fara samun hoton wata mai kyau a 1840 a Amurka, minti ashirin ya yi yana tara haske a kan farantin ƙarfe. Wayar da ta fi araha a shagon saurayin nan ta fi kayansa. Abin da ba na so shi ne wayoyin da suke gane wata su ƙara masa zanen da gilashinsu bai gani ba, da masu yanko ƙaton wata su manna a bayan masallaci su watsa a Facebook. Mai irin wannan hoton bai tsaya ko'ina ba, bai jira komai ba, kuma yana koya wa mutane raina na gaskiya.

Dare na gaba mai masaukina da abokansa suka fitar da ni bayan gari, ta wajen korin Telwa, inda fitilu ba sa kaiwa. Na manta rabon da in ga farin wata irin wannan. Inuwata a kan rairayi har da yatsu, ana iya gane fuskar mutum daga taku ashirin. Duk da haka rana ta fi cikakken wata haske sau kusan 400,000. Na juya kyamara na bar wata a bayana, na buɗe ta daƙiƙa ashirin a kan wasu gorubai. Hoton ya fito da shuɗin sama da koren ganye kamar hantsi, ga kuma taurari a ciki, domin hasken rana ne dai ya biyo ta wata hanya. A irin wannan hasken muka yi langa, 'yan mata suka yi gaɗa a dandali, kakanni suka yi mana tatsuniya. Ba na kukan zuwan lantarki, alheri ne. Amma yaron birni yau yana iya kai shekara goma sha biyar bai taɓa ganin inuwarsa a farin wata ba, kuma ba ya iya faɗin ko yau nawa ga wata sai ya duba waya.

A nan hirar husufi ta taso, ɗaya daga cikinsu yana tuna yadda suke kaɗa gwangwani suna yara wai rana ta kama wata. Inuwar duniya ce take faɗawa a kansa, shi ya sa ba ya faruwa sai wata ya cika. Da hanyarsa ba ta karkace da digiri biyar ba, da kowane wata sai an yi. Jan da yake yi kuwa hasken da ya lanƙwaso ta iskar duniya ne. Dukansu sun tuna na 27 ga Yuli, 2018, wanda ya yi awa ɗaya da minti 43 a rufe, aka yi sallar husufi a masallatai. Kallonsa da ido ba ya cutarwa, ba kamar na rana ba.

A hanyar komowa, wata yana makara yana ramewa ta ɗaya gefen, abin da ya tsaya mini a rai shi ne jinjirin wata. Mu al'umma ce da azuminta da sallarta da hajjinta suka rataya a kansa. Kowace shekara muna kasa kunne mu ji sanarwar Sarkin Musulmi, kowace shekara kuma sai an yi ja-in-ja a wani gari. Hukuncin shaida na malamai ne, hoto ba zai karɓe musu aiki ba. Amma mai duba da ya san cewa jinjirin da bai kai kusan awa 15 da haihuwa ba ido ba ya kama shi, ya san kusa da mafaɗar rana zai nema, ya san bakan yana fuskantar inda ta faɗi, ba zai ɗauki farin sawun jirgin sama ko guntun gajimare ya ce wata ne ba. Ɗaukarsa ma ba ta da wuya: fili mai buɗaɗɗen yamma, kyamara a kafe da agogonta daidai, a jira rana ta faɗi gaba ɗaya kafin a nuna gilashi wajen, a sa bishiya ko gini a hoton don a san wurin. A dare na biyu ko na uku, idan ka bar ta a buɗe daƙiƙa guda, har baƙin ɓangaren zai fito da ɗan haske mai toka, wanda hasken duniyarmu ne yake komawa kansa. Ina ganin kowace makarantar Islamiyya da kowane kwamitin masallaci ya kamata a samu matasa biyu ko uku da suka iya wannan, su riƙa fita kowane wata, ba sai na azumi da na salla ba.

Kai ma mai karatu, ranar 29 ga watan nan, idan ka idar da magariba ka ja yaranka ku fita inda babu gini ku duba yamma. Idan ba ku gan shi ba ku koma washegari, zai fi tsawo da kauri, kuma wayar da ke aljihunka ma za ta iya kama shi.